Yadda Ake Zama Ɗan Sama Jannati, Daga Cike Fom Har Ranar Dawowa

Tun ranar da na nuna wa ɗalibaina bidiyon Chris Hadfield, ɗan Kanada, yana matse jiƙaƙƙen tsumma a tashar sararin samaniya, ruwan ya ƙi zuba ƙasa ya naɗe masa hannu kamar zuma, ban sake hutawa da tambaya ba. Malam ya ake zama irin wannan mutumin, wace makaranta ake zuwa, nawa ake biya, har wani uba sai da ya tare ni bayan Magariba wai 'yarsa ta hana shi sakat. Toh ga amsar a jere, kuma na haɗa da wuraren da mutane suke yin tuntuɓe.

Kalmar tukuna. Astronaut daga Girkanci aka ɗinko ta, astron shi ne tauraro, nautes kuma matuƙin jirgin ruwa, wato mai tuƙa jirgi cikin taurari kenan. Rashawa suna ce wa nasu kosmonot, daga kosmos, sararin halitta baki ɗaya. Na China ana ce musu taikonot. Mu kuma muka ce ɗan sama jannati, kuma duk aikin ɗaya ne. Abin lura shi ne a hukumar NASA ta Amurka ko an ɗauke ka ba ka zama cikakke ba sai ka gama horo, ranar yaye a maƙala maka ɗan fil na azurfa a riga, na zinare kuwa sai ka je sama ka dawo.

1. Fara duba fasfo ɗinka

Wannan ne matakin da kowa yake tsallakewa, kuma shi ne yake mayar da mafi yawanmu baya. NASA ba ta ɗaukar kowa sai ɗan ƙasar Amurka, katin zama kaɗai bai isa ba. Hukumar Turai, ESA, sai 'yan ƙasashen da ke cikinta. Rasha, China, Japan, Indiya, Kanada, kowa nasa yake ɗauka. Najeriya tana da hukumarta NASRDA a Abuja tun 1999, ta harba tauraron ɗan adam na farko a 2003, amma har yanzu ba ta da rundunar 'yan sama jannati da za ka cike fom ka shiga, Nijar da Ghana ma haka.

Saboda haka ƙofofi uku ne. Ko dai ka zama ɗan ƙasar da take da shirin, ko gwamnatinka ta ƙulla yarjejeniya ta biya a horar da 'ya'yanta, irin yadda Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta yi, ta tura Nora Al Matrooshi da Mohammad Al Mulla birnin Houston na Amurka, inda NASA take horo, suka gama a 2024 tare da 'yan ajin NASA. Ko kuma ka biya da aljihunka. Dennis Tito ya biya kusan dala miliyan 20 a 2001 don zuwa tashar sararin samaniya, Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya biya kusan haka a 2002, waɗanda kamfanin Axiom ya kai a 2022 kuwa an ba da rahoton kowannensu ya biya kusan dala miliyan 55. An kuma yi ta yin gajeriyar tafiya ta minti 11 da kumbon kamfanin Blue Origin, a haura kilomita 100 a dawo, horonta kwana biyu ne kawai, ita Sara Sabry ta Masar ta yi a 2022, Owolabi Salis ɗan Najeriya kuma a 2025. Wannan leƙe ne, ba shi ne aikin da zan bayyana ba.

Gargaɗi: neman aikin nan a hukumar gwamnati kyauta ne, kuma idan an ɗauke ka kai ake biya. A sanarwar NASA ta 2024 albashin ya kai kusan dala 152,000 a shekara. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp wai ka biya kuɗin fom ko na biza zai saka sunanka a jerin NASA, ɗan damfara ne, kada ka tura ko sisi.

2. Karatu

NASA tana neman digiri na biyu a injiniyanci, kimiyyar halittu, fiziks, kemistiri, kwamfuta ko lissafi. Digirin likita ma ya wadatar. Bayan haka shekara uku na aiki a fannin, ko kuma awa 1,000 kana matsayin babban matuƙin jirgi, akasarinsu a jirgi mai tsananin gudu. ESA ma mastas take nema da shekara uku na aiki, da Turanci mai kyau.

Kuskuren da na fi gani shi ne yaro ya ce zai karanta ilimin taurari don shi ne ya yi kama da aikin. Ba haka ba ne, cikin waɗanda suka je akwai likitoci, masana duwatsu, masu binciken ƙwayoyin cuta, sojojin ruwa, har malaman sakandare. Karanta abin da kake so kuma za ka yi fice a kansa, don cikin dubu da ƙyar ɗaya yake samu, idan ba a ɗauke ka ba wannan sana'ar ce za ta riƙe ka. Ke kuma 'yar'uwa da kike aji huɗu kina tunanin gudu daga lissafi ki koma wani aji, nan ne ainihin inda ake rufe wa kai ƙofar, ba a Houston ba.

3. Jiki

Ba a neman ɗan dambe. Lafiyayyen mutum ake nema wanda ba zai ba da matsala ba a wurin da babu asibiti. Hawan jini kada ya wuce 140 bisa 90 a zaune, ido ya gani tangaran ko da da tabarau ne, tsawo kuma ya dace da kujerar kumbo da rigar fita wajen tasha, ESA ta sa tsakanin santimita 150 da 190. Tsakuwar ƙoda, ciwon zuciya, farfaɗiya, irin waɗannan suna fitar da mutum.

Gargaɗi: kada ka ɓoye ciwo. Za a duba ka daga kai har ƙafa na kwanaki, za su gani, kuma ƙaryar ta fi ciwon saurin korar ka.

4. Tankaɗe da rairaya

Ba kowace shekara ake ɗauka ba, NASA kusan duk bayan shekara huɗu, ESA kuwa tsakanin ɗaukarta ta 2009 da ta 2022 babu wata. A ɗaukar 2017 mutum sama da 18,300 suka nema a NASA aka ɗauki 12. A ta 2021 sama da 12,000 aka ɗauki 10. A ESA sama da 22,500 suka nema aka fitar da 17, cikinsu biyar ne kawai aka ba cikakken aiki nan take, sai John McFall ɗan Ingila mai ƙafar roba da aka ɗauka don a gwada ko mai nakasa zai iya zuwa, sauran 'yan jiran ko-ta-kwana ne.

Tsarin yana cin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ana fara duba takardu, a tuntuɓi mutanen da ka yi aiki da su, a kira kamar mutum 120 intabiyu, a sake ragewa, a yi gwajin ƙwaƙwalwa da na lafiya, sannan a haɗa ku rukuni a ba ku wani aiki mai ɗaure kai ana kallonku. A nan masu son nuna su ne gwanaye suke faɗuwa. Tambayar da take zuciyar masu zaɓen ita ce, zan iya zama da wannan mutumin wata shida a wuri ɗaya ba fita ba shiga? Mai katse mutane, mai ɗora laifi kan wani, mai jin kunyar cewa ban gane ba, ko digirinsa goma ne ba ya wucewa.

Idan an ƙi ka sake nema. José Hernández, ɗan manoman ƙodago ne a Kaliforniya, sau 11 ana mayar da shi kafin a ɗauke shi a 2004, kuma tsakanin kowane ƙi da na gaba yana ƙara wani abu, ya koyi tuƙin jirgi, ya koyi nutso, ya koyi Rashanci.

5. Shekara biyun farko

An ɗauke ka, ka tattara iyali ka koma Houston, cibiyar Johnson. Na Turai kuma Kolon a Jamus, nasu horon farkon shekara ɗaya ne.

Abin farko ruwa ne, kuma ina so mutanenmu su ji wannan da kyau don da yawanmu mun girma ba mu taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. A watan farko za ka yi iyo tsawon tafkin mita 25 sau uku ba tsayawa, ka sake yin sau uku sanye da rigar matuƙa da takalmi, sannan ka tsaya a saman ruwa minti 10 da kayan a jikinka. Bayan nan ka koyi nutso da tukunyar iska. Iya ruwa fidda kai ne a nan a zahiri, kuma abu ne da za ka iya fara koyo yanzu da kuɗi kaɗan, amma wajen mai koyarwa, kada ka je kududdufi ko dam kai kaɗai.

Sai jirgin T-38, ƙaramin jirgin horo mai kujera biyu. Ko kai likita ne za a zaunar da kai a baya ka riƙe rediyo, ka karanta taswira, ka bi jerin umarni. Dalilin kuwa shi ne a na'urar kwaikwayo idan ka yi kuskure kashewa za a yi a sake kunnawa, kuma jikinka ya san haka, a jirgi na gaske kuwa babu sakewa.

Sai Rashanci, don wani ɓangare na tashar na Rasha ne, kuma maɓallan kumbonsu na Soyuz da Rashanci aka rubuta su. Tim Peake na Ingila ya sha faɗa cewa shi ne abin da ya fi ba shi wuya a horonsa. Wasu har gidan iyalin Rashawa ake kai su a Mosko su zauna makonni. Mu da muka tashi da Hausa da Turanci ko Faransanci, ga Larabcin makarantar allo, gaskiya a nan muna da ɗan fifiko.

Sauran su ne sanin kayan tashar, wutarta, iskarta, ruwanta, banɗakinta, da kuma sarrafa dogon hannun inji na Kanada mai tsawon mita 17.6, wanda da shi ake cafke kumbon kaya.

6. Babban tafki

Nan ne gumi yake. A Houston akwai tafki mai tsawon mita 62, faɗin 31, zurfin 12, ruwansa ya haura lita miliyan 23, an nutsar da kwafin tashar a ciki daidai girmanta. A nan ake koyon fita waje, wato tafiya a sarari.

Da sassafe za ka saka kunzugu na manya don babu fitowa fitsari, ka saka wata riga mai siraran bututu da ruwan sanyi yake zagayawa, sannan mutane su taimaka maka ka shige rigar fita mai nauyin sama da kilo 120, a kulle kwalkwali, injin ɗaga kaya ya ɗauke ka ya sauke cikin ruwa. Masu nutso su dinga ƙara maka dalma ko soso har sai ka tsaya cak, ba ka nutsewa ba ka tasowa. Daga nan awa shida kana kwance ƙusa kana ɗaurewa, kana jan waya, babu abinci sai 'yar jakar ruwa da bututu kusa da bakinka.

Abin da ba a gani a hoto shi ne safar hannu. Rigar a cike take da iska kamar tayar keke, saboda haka duk lokacin da ka dunƙule hannu kokawa kake da ita. Na taɓa sa ɗalibaina su riƙe ƙwallon tanis su dinga matsawa suna saki, kafin minti biyar kowa ya ajiye yana yarfe hannu, toh ka ƙiyasta awa shida. Wasu har farcensu yake ɓarewa. Kuma kowace awa ɗaya da za a yi a waje can sama, ana yin awa bakwai zuwa goma a tafkin nan dominta.

Gargaɗi biyu ne a nan. Na farko komai a ɗaure yake, kai da kayan aikinka, ba ka kwance igiya ɗaya sai ka tabbatar ɗayar ta kama. A Nuwamba 2008 jakar kayan aiki ta kimanin dala 100,000 ta suɓuce wa Heidemarie Stefanyshyn-Piper tana kallo ta tafi. Na biyu, ka haddace hanyar komawa ƙofa da hannu ba da ido ba. Ranar 16 ga Yuli 2013 ruwan sanyaya riga ya fara taruwa a kwalkwalin Luca Parmitano ɗan Italiya, kusan lita ɗaya da rabi, ya rufe masa ido da kunne da hanci ga duhu ya shigo, igiyarsa ya bi da lalube har ya kai ƙofa. Tun daga nan ake saka soso mai tsotse ruwa da bututun numfashi a cikin rigar.

7. Rashin nauyi, da nauyin da ya yi yawa

Babu wani ɗaki a duniya da ake kashe maganaɗisun ƙasa, wato ƙarfin da yake jawo komai ƙasa, a cikinsa, wannan ji-ta-ji-ta ce. Abin da ake yi shi ne a sa ku a babban jirgin da aka cire wa kujeru, ya cilla sama ya sako kai ƙasa, a tsakani ku samu sakan 22 kuna shawagi, a maimaita kusan sau 30. Kafin da bayan kowane shawagi nauyinka yana kusan ninkawa biyu. Kada ka cika ciki kafin ka hau, kuma kada ka juya kai lokacin da nauyin ya danno, shi ne yake kawo amai.

Ɗaya gefen kuma injin majaujawa ne. Na Birnin Taurari, cibiyar horon Rasha kusa da Mosko, hannunsa mita 18 ne, yana juya ka har nauyinka ya ninka takwas, mai kilo 70 ya ji kamar 560 a kan ƙirjinsa, dole ka koyi numfashi da ciki. Ba don azabtarwa ake yi ba. A Oktoba 2018 rokar da ta ɗauki Nick Hague da Aleksey Ovchinin ta samu matsala minti biyu da tashi, kumbon ya ɓalle ya dawo da su da nauyi kusan ninki bakwai, suka sauka lafiya.

8. Daji da kogo

Kumbo yana iya sauka inda ba a shirya ba, a 1965 Alexei Leonov da abokinsa sai da suka kwana biyu a dajin ƙanƙara. Shi ya sa ake ajiye ku kwana uku a daji cikin hunturun Rasha, ku yi bukka da laimar saukar kumbo, ku hura wuta, ku yi jinyar wanda aka ce ya karye. Akwai irinsa a kan ruwa. ESA tana saka su a kogo kwana shida ba rana ba wata, NASA kuma ta sha kai su wani gida a ƙarƙashin teku a gaɓar Florida. Duk hali ake dubawa a nan, waye yake wanke kwano ba a ce masa ba, waye yake fushi idan yunwa ta kama shi.

9. Jira, sannan horon tafiyarka

An yaye ka, amma ba tashi za ka yi ba. Za a ba ka ofis, ka yi aikin magana da waɗanda suke sama ta rediyo, ka gwada kayan aiki, shekara biyu, biyar, wasu fiye. Don Lind shekara 19 ya jira.

Ranar da aka sa sunanka a wata tafiya sai wani sabon horo na shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ya fara, kana yawo tsakanin Houston, Birnin Taurari, Kolon, Tsukuba a Japan da Kanada, da Kaliforniya idan da kumbon kamfanin SpaceX za ka tafi. Ana maimaita haɗura uku har sai sun zama jiki, gobara, hujewar tasha iska ta fara zurarewa, da yoyon gubar amoniya. Ana koya maka ɗinke rauni, ɗiban jini, cire haƙori, gyaran banɗaki. Ana koya maka injinan motsa jiki, don awa biyu kullum wajibi ne, in ba haka ba ƙashi yana zaizayewa da kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari duk wata. Ruwan sha kuma daga gumi da fitsari ake tacewa, kashi 98 cikin ɗari ake dawo da shi, gara ka saba da tunanin tun a ƙasa.

Tambayar salla kullum sai an yi min ita, kuma tana da muhimmanci. Tashar tana zagaye duniya duk minti 90 a nisan kusan kilomita 400, rana tana fitowa sau 16 a yini. Da Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya zai tafi a 2007, cikin azumi ma kuwa, malaman ƙasarsa suka zauna suka fitar da jagora, a bi lokutan wurin da aka tashi, salloli biyar a awa 24, a fuskanci alƙibla gwargwadon iko, in ya gagara a fuskanci duniya. Wannan ma shiri ne da za ka yi da malamanka kafin tafiya.

10. Sati biyun ƙarshe

Ana killace ku kusan kwana 14 don kada a kai ko mura sama, iyali ma sai likita ya duba su ko a gaisa ta bayan gilashi. Masu tafiya da Soyuz tun da wuri an kwantar da su an zuba farar ƙasa an ɗauki siffar bayansu don a yi musu shimfiɗar kujera daidai jikinsu, an kuma bar sarari don mutum yana ƙara tsawo har kusan santimita 5 a sama. Ranar tashi, cikin minti tara kun kai falaki kuna gudun kilomita 28,000 a awa. Kwanakin farko jiri da tashin zuciya suna kama mutane da yawa, kada ka ɓoye, akwai magani.

11. Dawowa

Ka shirya iyalinka cewa ranar dawowa ba ta da tabbas. Frank Rubio ya tafi don wata shida, kumbonsu ya yi yoyo, sai da ya yi kwana 371. Butch Wilmore da Suni Williams sun tafi a Yuni 2024 da niyyar kamar kwana takwas, sai Maris 2025 suka dawo.

Soyuz a filin Kazakistan yake dira, na SpaceX a teku. Ɗauko ka ake yi a zaunar a kujera, don kai ya yi nauyi, ƙafa ta manta aikinta, kana juya wuya duniya ta juya. Kada ka yi gardamar tashi da kanka don kyamara tana kallo, jini bai saba hawa kai ba tukuna, faɗuwa za ka yi. Daga nan kwana 45 na gyaran jiki kullum da masu horarwa, a fara da tafiya a cikin ruwa da miƙe gaɓɓai, tuƙin mota sai likita ya sa hannu, ƙashi kuwa yana iya ɗaukar fiye da shekara kafin ya murmure. Ana cikin haka masu bincike suna ta ɗiban jininka suna auna idonka, kana gamawa kuma ka koma ofis, sunanka ya koma ƙarshen layi.